Yadda Ake Fito da Tsohon Hoton Tarihi Daga Ma'adana a Sa Shi a Firem

Galibin tsoffin hotunan tarihi da ake gani rataye a falo da ofis da otal-otal na garuruwanmu, daga waya aka ciro su. Wani ya tura a WhatsApp, wani ya sauke, aka kai wa mai fileks ya buɗa shi har ya kai faɗin ƙofa. Daga nesa ba laifi. Kana matsowa sai ka ga fuskoki sun narke, ganuwa ta yi dabbare-dabbare, a ƙasa kuma an rubuta wata shekara da ba wanda ya san inda aka samo ta. Kafin damina biyu baƙin ya koma kore. Kafinta ba shi da laifi, shi abu aka kawo masa ya sa wa katako. Aikin ya lalace ne tun a wurin neman hoton, shi ya sa rabin wannan jagora zai ƙare kafin mu taka shagon mai firem.

Da farko, hoton gaskiya ne?

A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Ke nan duk hoton da aka nuna maka aka ce nasu ne, ko dai zanen wani ne daga baya, ko kuma wani bawan Allah ne daban aka laƙaba wa sunan. Sarauniya Amina kuwa ba ma a magana. Abin kunya ne mutum ya kashe kuɗi ya ƙawata irin wannan, ya rataya a ɗakin baƙi, yara su tashi suna rantsuwa da shi.

Ko hoton na gaske ne, shekarar da ke yawo tare da shi tana iya zama ta ƙarya, kuma sau da yawa hoton da kansa yake tona asiri. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don haka hoton dalar gyada a gefen dogo ba zai zama na ƙarni na 19 ba. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, saboda haka duk hoton birnin da aka ɗauka daga sararin sama bayan nan ne. Idan akwai sarki a ciki, duba zamanin sarautarsa: Abbas ya yi daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Mota, kwanon rufi, turken waya, kakin ɗan doka, duk shaidu ne.

Akwai wata hanya mai sauƙi kuma. Ɗora hoton a Google Lens ko TinEye, ka bi sawunsa har ka isa shafin ma'adanar da ke riƙe da asalinsa. In ka yi ta bi ba ka ga komai ba sai Facebook da Pinterest, to, haƙura da shi ka nemi wani.

Inda asalin yake

Hotunan ƙasar Hausa da yawa Turawa ne suka ɗauka suka tafi da su, kuma yau wasu daga cikin ma'adanun can sun zuba su a intanet kyauta, da girman da zai isa bugu.

Wanda zan fara nuna wa kowa shi ne tarin Walter Mittelholzer, matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan. A ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931 ya yi tafiya da jirgi daga Zurich ya tsallaka Sahara zuwa yankin Tafkin Chadi, ya yada zango a Kano, ya ɗauki birnin daga sama da kuma daga ƙasa. Hotunan suna laburaren jami'ar ETH ta Zurich, an kuma ɗora su a Wikimedia Commons. Rubuta Kano tare da kalmar Tschadseeflug a akwatin bincike, za su fito. Mutumin ya mutu a 1937, haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Soraye da lunguna da kududdufai da aka hango daga sama suna yin kyau ƙwarai in an buga su da girma, domin ido yana samun abin bi lungu-lungu.

Wanda ke son abin da ya girmi kyamara a ƙasar nan sai ya koma ga zane-zanen da aka buga a littattafan matafiya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya hau Dala ya zana birnin. An buga labarin tafiyarsa a juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858, da hotuna masu launi. Amma a lura: wani mai zane ne, J. M. Bernatz, ya ƙawata su a Jamus daga ɗanyen zanen Barth, don haka akwai hannun wanda bai ga wurin da idonsa ba. Haka nan akwai zanen Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Borno a littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826. Ana samun waɗannan a Internet Archive da Wikimedia Commons.

Ma'adanar gwamnatin Birtaniya da ke Kew tana da kundin hotunan tsohon Ofishin Mulkin Mallaka mai lamba CO 1069, wanda aka fara ɗora na Afirka daga cikinsa a Flickr a 2011. Jami'ar Northwestern ta Amurka tana da dubban hotunan Najeriya na E. H. Duckworth. Wanda kakansa ya je yaƙin ƙasar Bama (Burma) da runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma ya duba gidan tarihin yaƙi na Landan, Imperial War Museum. Hausawan Gana da Kamaru su leƙa ma'adanar mishan ta Basel, akwai fatake da zanguna a ciki. Mutanen Damagaram da Maraɗi kuma Gallica, shafin babban laburaren Faransa, shi ne ƙofar farko. Masu son tsohon hoton Ka'aba su san cewa Muhammad Sadiq Bey na Masar ya ɗauki Madina a 1861 da Makka a 1880, sannan wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki Harami da Mina da Arfa a shekarun 1880, kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da hotunan likitan.

Wajen bincike, kada ka tsaya kan yadda muke rubuta sunaye yau. Bajamushe ya rubuta Haussa, Bafaranshe Haoussa, tsofaffin Ingilishi sun rubuta Sackatoo da Kashna, wato Sakkwato da Katsina. Sauya rubutu kaɗai yakan fito da hotunan da ba ka taɓa gani ba.

A gida akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Nan ƙafa ce za ta kai ka. Rubuta takardar neman izini, ka faɗi abin da za ka yi da hoton, ka tambaya ko za su yi maka sikan ko za su bar ka ka ɗauka da kyamara.

Wata magana a gefe: gidaje da yawa ba sa rataya hoton mai rai, kuma wannan bai hana su shiga wannan harka ba. Ƙofar gari, ganuwa, hasumiyar Gobarau, taswirar Kano da Barth ya zana, tsohon shafin rubutun ajami, duk suna cika bango.

Izini

Kowane shafin ma'adana yana da layin da ke bayanin haƙƙi a ƙarƙashin hoton. In ka ga Public Domain ko CC0, buga abinka, har sayarwa kana iya yi. In ka ga CC BY, dole ka ambaci mai shi. In akwai harufan NC, ba a yarda da kasuwanci ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba hoto kariyar shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a. A yawancin Turai shekara 70 ne bayan mutuwar mai ɗaukar, a Amurka kuma abin da aka wallafa fiye da shekara 95 baya ya zama na kowa. Wanda zai rataya a ɗakinsa da wuya ya samu matsala. Wanda zai buga guda 50 ya kai kasuwa, ko ya ƙawata otal, shi ne ya kamata ya aika wa ma'adanar saƙo ya samu amsa a rubuce, musamman irin tarin Eliot Elisofon na Smithsonian, wanda hotunansa na baya-bayan nan ne.

Lissafin girma

Nan ne aka fi yin asara, alhali lissafin bai wuce rabawa ɗaya ba. Kowane hoto a kwamfuta ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Don hoto ya fito tas a idon wanda ke tsaye kusa da shi, ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 118 a kowace santimita. Duba adadin fiksel na fayil ɗin, ka raba da 118, abin da ya fito shi ne girman da zai bugu da kyau a santimita.

Fayil mai 4720 da 3540 zai ba ka santimita 40 da 30. Mai 2480 da 3508 shi ne daidai takardar A4. Hoton da aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba kuwa, dogon gefensa yakan tsaya wajen 1600, wanda bai kai santimita 14 ba, wato tafin hannu. Shi ne ake buɗawa ya kai mita guda.

Babban hoto da za a kalla daga nesa, kamar na bangon zaure ko ɗakin taro, yana jure ɗigo 150 zuwa 200 a inci. A nan sai ka raba da 59 zuwa 79. Ƙasa da haka kada ka je.

A shafin ma'adana, nemi maɓallin da zai ba ka asalin fayil, ba ƙaramin da ake nunawa a fuska ba. In akwai nau'in fayil ɗin da ake kira TIFF, shi za ka ɗauka, ko da zai ci data, domin ba a matse shi ba. Kada ka ɗauki hoton fuskar waya. In za ka tura wa mai bugu, kai masa a filash, ko ka tura a matsayin dokumen don kada manhajar ta rage shi.

Buɗe fayil ɗin a kwamfuta ka zuƙo shi sosai. In ka ga hoton ya rarrabu zuwa ƙananan ɗige-ɗige a jere kamar na jarida, daga littafi aka kwafo shi, ba daga asalin hoton ba. Irin wannan ba ya son girma, ka tsaya a A4 ko ƙasa. Zanen da aka buga da dutse ko farantin ƙarfe, irin na Barth da na Denham, shi layukansa da ƙwayoyinsa ado ne, ba aibi ba.

In hoton gidanku ne, na kaka ko na ranar naɗin sarauta, a yi masa sikan a kan ɗigo 600 a inci, ƙarami sosai kuma 1200. Kwafin za a rataya, asalin a sa shi a ambulan a ajiye inda ba haske ba danshi. Kada a yi masa laminatin, domin zafi da gam ɗin ba sa fita har abada. Wanda ya riga ya manne da tsohon gilashinsa kada a ɓanɓare, a ɗauke shi ta cikin gilashin.

Gyara, amma da sauƙin hannu

Da Photoshop ko GIMP, wanda kyauta ne, a goge ɗigon ƙura da zanen ƙarce, a miƙe hoton in ya karkace, a ɗan ƙara bambanci tsakanin fari da baƙi in ya dusashe. Shi ke nan. Ni ban yarda da manhajojin da ke "gyara fuska" ko zuba launi ba. Ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi: su ba dogari haƙoran da ba nasa ba, su mai da baƙar riga mai shuni ruwan toka, su sa wa ganuwa launin siminti. Abin da za ka rataya daga nan ya daina zama shaida.

Kada a ja hoton ta gefe ɗaya don ya cika takarda, mutane za su yi ƙiba ko su zama zaƙo-zaƙo. Firem ake yi wa hoto, ba hoto ake yankewa don firem ba. Kuma ba kowane tsohon hoto ne ruwan ƙasa ba. In asalinsa baƙi da fari ne, a bar shi haka.

A wannan mataki ne za ka shirya bayanin da zai zauna a ƙasan hoton, da ƙananan haruffa: wuri, shekara, wanda ya ɗauka, ma'adanar da ke riƙe da shi. Misali: Kano daga sama, 1930 zuwa 1931, Walter Mittelholzer, Laburaren ETH Zurich. In zane ne, a faɗi wanda ya zana da wanda ya sake zanawa. Bayanin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta wani lokaci yana da kuskure, wani lokaci da raini. Ba dole ka sa shi a gaba ba. Rubuta naka da Hausa, amma ka kwafe nasu yadda yake, tare da lambar hoton a ma'adana, ka ajiye don bayan firem.

Wurin mai bugu

Tambaya ta farko: wace irin tawada injinka yake sha? Akwai ta rini, wadda yawancin ƙananan firintocin shago ke amfani da ita. Tana da haske ranar farko, amma rana tana cinye ta da wuri. Akwai kuma ta gari, wadda masu sana'ar ke kira figment, da ake samu a manyan firintocin hoto na Epson da Canon. Ita ce ke daɗewa shekaru da yawa in an kiyaye ta. In ba ka samu ba, wankin hoto na leb, irin wanda ake yi a takardar Fuji ko Kodak da ruwan magani, ya fi tawadar rini nesa ba kusa ba. Fileks da sitika na talla ne, a bar su a titi.

Takarda kuma ta danganta da abin da za a buga. Zane irin na Barth yana son takarda marar sheƙi mai kauri, wadda aka yi da auduga, mai nauyin giram 250 zuwa 310, kamar Photo Rag ta kamfanin Hahnemühle mai 308. Hoton kyamara baƙi da fari ya fi fitowa a mai ɗan sheƙi kaɗan, domin baƙin yana yin zurfi. Mai ƙyalli sosai a bayan gilashi tana zama madubi.

Kafin a buga babban, ka ce a yanko wani yanki na hoton, inda fuska ko rubutu ko ƙofa take, a buga shi a ƙaramar takarda amma a ainihin girman da zai fito. Fita da shi waje ka duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Abu biyu kake nema: ko ya fashe, da kuma ko baƙin ya karkata zuwa kore ko shunayya, wanda shi ne ciwon firintocin da ke haɗa baƙi daga launuka. In ya karkata, a sa injin a tsarin baƙi da fari zalla. Bugu yakan fi abin da ka gani a kwamfuta duhu, don haka in inuwar cikin zaure ta cushe ba a ganin komai, a ɗan buɗe ta.

A bar farin gefe na aƙalla santimita 4 kewaye da hoton. Bayan bugu a shimfiɗa shi ya sha iska kwana guda kafin a rufe shi da gilashi, in ba haka ba tawadar tana iya barin hazo a jikin gilashin daga ciki. Riƙe shi ta gefe, da hannu busasshe. In za a naɗe don tafiya, fuskar hoton ta kalli waje, a cikin bututu mai faɗi.

Kwali, gilashi, katako

Doka ɗaya ce ba a karyawa: hoto ba ya taɓa gilashi. A watan Agusta, lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwano, raɓa tana taruwa a cikin gilashin, hoton ya manne, fumfuna ta biyo baya. Abin da ke raba su shi ne kwali mai kaurin kusan milimita 1.5 da ake yanke wa taga a tsakiya, hoton ya leƙo ta ciki. Nemi wanda aka rubuta ba shi da asid. Kwalin banza yana sa wa gefen hoto layi ruwan ƙasa bayan 'yan shekaru. Dubi bakin yankan: in cikinsa fari ne fat, da dama-dama, in ruwan ƙasa ne kamar katan, bar shi. Launi kuwa fari mai ɗan duhu ko ruwan madara. Ja da zinare suna ƙwace ido daga hoton.

Ga lissafi da hoton nan mai santimita 40 da 30. A yanke taga 42 da 33, wato farin takarda na santimita 1 zai fito a sama da gefe biyu, 2 a ƙasa inda bayanin yake. A bar kwali santimita 7 a sama da gefuna, 8 a ƙasa, domin in an yi su daidai ido yana ganin kamar hoton ya zame. Jimla 56 da 48, shi ne girman kwali da gilashi da allon baya. Takardar hoton a rage ta zuwa 50 da 40. Bakin tagar ana yanka shi a karkace, digiri 45, da sabuwar reza. Tsohuwa tana yage kusurwa.

Gilashi mai milimita 2 ya isa matsakaicin firem. Nauyinsa kilo 5 ne a murabba'in mita, don haka namu bai kai kilo 1.4 ba. Masu aluminiyam za su so su ba ka na taga mai 4 ko 5, wanda ya ninka nauyi ba amfani. Akwai gilashi mai tare kashi 99 na hasken da ke kashe launi, yana da tsada, kuma ga kwafin da za ka iya sake bugawa ban ga dole ba. Roba mai kama da gilashi ba ta fashewa, ta dace da makaranta ko gidan yara, sai dai tana jan ƙura da hunturu, tana kuma ƙarcewa in an goge ta da busasshen tsumma.

Katako kuwa, abin tambaya ba sunansa ba ne, bushewarsa. Ɗanyen katako da aka haɗa da damina, hunturu na zuwa kusurwoyin za su buɗe baki. Maɗaci busasshe yana da kyau, kuma launinsa yana tafiya da tsohon hoto. Siriri, santimita 2 zuwa 3, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ba sassaƙa ba ƙyalƙyali. Ka ce wa kafinta ramin da gilashi zai zauna ya kai zurfin milimita 12, ya kuma fi gilashin faɗi da milimita 2 zuwa 3, saboda kayan ciki su samu wurin motsi. A bar folish ya bushe sarai, warinsa ya fita, kafin a sa hoto.

Haɗawa

In da hali ka tsaya a yi a gabanka, domin a nan ne ake shafa wa bayan hoto gam a manna shi da fala-falan katako, an gama da shi ke nan. Takarda tana numfashi, tana buɗewa da danshi tana tsukewa da rani. In an ɗaure ta ko'ina sai ta yi tudu-tudu.

A samu kwali na biyu marar asid, a ɗora hoton a kai, a kifa mai tagar a daidaita, a danne da wani abu mai nauyi da aka naɗe a tsumma mai tsabta. Sannan a riƙe hoton da 'yan kusurwoyin roba na albam, ko a rataye shi daga sama kawai da guntayen tef biyu marar asid, ƙasa da gefuna a sake. Salatif da tef ɗin katan ba su da wuri a nan, suna narkewa da zafi su bar tabo mai maiƙo.

A wanke gilashin fuska biyu, a bar shi ya bushe ƙarau. Jeri daga gaba zuwa baya: gilashi, kwali mai taga, hoto, kwalin da ke riƙe da shi, allon baya. Don allon baya, farar robar nan mai ramuka da ake allon talla da ita ta fi katan da silin-bod, domin ba ta shan ruwa, gara kuma ba ta ci. Kafin a buga ƙananan ƙusoshi, juya ka duba da kyau. Ƙwayar ƙura ɗaya ko silin gashi a kan farin kwali, in ka bari, kullum shi za ka fara gani. Da hunturu a yi haɗin a ɗaki rufe, a kashe fanka.

Bayan an danne, a bi duk kewayen bayan da tef ɗin takarda mai faɗi a toshe, saboda ƙura da asu da kyankyasai. Sannan a liƙa ambulan a bayan, a sa takardar da ke ɗauke da cikakken bayanin ma'adana, lambar hoto, adireshin shafin, ranar bugu, da cewa kwafi ne. Wata rana magada za su ɗauka asali ne su kai kasuwa, ko wani ɗalibi ya zo yana tambayar inda aka samo shi.

Bango

A ɗaura zobba biyu a jikin katakon gefe, kashi ɗaya cikin uku daga sama, a ja waya mai ƙarfi tsakaninsu. Ƙusa biyu a bango, da tazarar kamar tafin hannu biyu, sun fi ɗaya, firem ba zai riƙa karkacewa ba duk lokacin da aka buga ƙofa. Bangon bulo a huda da injin a sa fisha da sukuru. A manna ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa biyu na baya don iska ta riƙa wucewa.

Gidajen tarihi suna sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Mu kuwa mun saba kai shi can kusa da silin, inda ba mai iya karanta bayanin. A ɗakin da ake zama a kan kafet ma ana iya sauko da shi ƙasa da haka.

Kada ya fuskanci tagar da rana ke shigowa, kada ya zauna a bangon da ke jiƙewa da damina ko wanda banɗaki ke bayansa, kada kuma ya yi kusa da kicin ko inda ake ajiye kaskon turaren wuta, domin hayaƙin yana bin kowace kafa. Wajen gogewa a fesa ruwan a tsumma, ba a gilashi ba, kada ya gangara ya shiga ƙarƙashin katako ya jiƙa kwali. Ƙarshen kowace damina a sauke shi a duba baya: in tef ya ɗago a sake, in an ga hazo a cikin gilashi a buɗe a bar shi ya sha iska a inuwa. Fayil ɗin da ka gyara kuma ka ajiye shi wuri biyu, filash da imel, tare da girman da aka buga da sunan takardar, don ranar da za a sake bugawa ko wani ɗan'uwa ya ce shi ma yana so.